Baƙin fulogi a babur ɗin da aka yi wa ƙarin gudu: ta ina ake fara bincike?

Babur ɗin da aka sauya wa kabureta, aka huda masa salansa ko aka yi masa borin (wato aka faɗaɗa silindar injin aka sa babban fistin), kusan ƙorafi ɗaya yake dawowa da shi gareji. Idan injin ya yi zafi sai an yi ta buga kik kafin ya tashi, in ya tashi yana tari, salansa na feso baƙin hayaƙi mai yaji a ido, man da a da yake kai mutum Jega daga Birnin Kebbi ya dawo yanzu ba ya isa, sannan duk bayan 'yan kwanaki sai an sayi sabon fulogi. 'Yan kabu-kabu da yawa sun ɗauki abin a matsayin halin mashin, sun koma yawo da fulogi na biyu a aljihu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan haƙurin ya yi tsada, domin baƙin da ke kan fulogin man da aka saya ne bai ƙone ba.

Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, a ma'aunin nauyi, kafin man ya ƙone tas. Lokacin da ake neman ƙarfi sosai, kashi 12.5 zuwa 13 ya fi ba da ja, shi ya sa ɗan rinjayen mai a cikakken totur ba laifi ba ne. Idan man ya zarce haka, iskar ba ta isa ta cinye shi, ragowar sai ta zama kunkunniya ta lulluɓe farin tangaran ɗin da ke kewaye da ƙarfen tsakiyar fulogi. Kunkunniya tana ɗaukar lantarki. Wutar da kwayil ya turo, maimakon ta tsallake tazarar bakin fulogi ta kunna mai, sai ta bi ta jikin baƙin ta zurare cikin ƙarfen injin. Injin ya fara tsallake bugu ke nan, kowane bugun da ya tsallake kuma ɗanyen mai yake ƙara bari a kan fulogin, har ya mutu gaba ɗaya. Fulogi yana wanke kansa da kansa ne idan zafin bakinsa ya kai wajen digiri 450 zuwa 500. A silo da tafiyar cikin kasuwa ba ya kaiwa nan.

Kafin a taɓa ko sukuru ɗaya, a kwance fulogin a dube shi a cikin haske. Baƙi busasshe mai laushi, wanda ke gogewa a yatsa kamar gawayi, mai ne ya rinjayi iska, ko wuta ta yi rauni, ko fulogin ya yi wa injin sanyi. Idan jiƙe yake yana warin fetur, ya kuma bushe bayan ɗan lokaci, kabureta ce ta yi ambaliya ko wuta ta ɗauke. Baƙi mai maiƙo da sheƙi wanda ba ya bushewa, baƙin mai ne ke shiga ɗakin ƙonewa, kuma hayaƙinsa shuɗi-shuɗi ne. Wannan ko an shekara ana juya kabureta ba zai gyaru ba. Launin da ake nema shi ne ruwan ƙasa mai haske, zuwa toka-toka. Fari fat mai ƙyalli kuwa gargaɗi ne cewa mai ya yi kaɗan, wanda ya fi baƙi haɗari nesa ba kusa ba.

Akwai gwaji biyu da ba sa cin ko kwabo. Injin da mai ya yi wa yawa yana tashi da sanyin safiya ba tare da cok ba, yana tafiya lafiya na 'yan mintuna, sai ya lalace idan ya ɗauki zafi. Wanda mai ya yi wa kaɗan akasin haka yake yi. Na biyu, a bar injin a silo a rufe famfon mai. Yayin da man da ke kofin kabureta ke raguwa, idan ƙarar injin ta washe, gudunsa ya ƙaru sosai kafin ya mutu, to da ma mai ya yi masa yawa.

Abubuwa uku masu arha

Cok ne na farko. A wasu kabureta faranti ne mai rufe hanyar iska, a wasu kuma guntuwar sanda ce mai roba a ƙasa da ke buɗe wata hanyar mai ta daban. Wayar cok da ta cije, ko robar da ta taurare ba ta rufewa, tana sa babur ya yini yana tafiya da rabin cok mai shi bai sani ba. A leƙa ta bakin kabureta a tabbatar farantin ya kwanta sarai idan an mayar da cok.

Sai matatar iska, wadda makanikai ke kira eya kilina. A ƙasarmu ita ce ta fi kowa laifi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke cika ko'ina, balle ga masu bin hanyoyin ƙauye na fadama da lambu. Matata da ta toshe tana yin aikin cok. Idan ta soso ce, a wanke ta da kananzir, a matse ba tare da murɗewa ba, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a mulmula har ya ratsa, sannan a matse rarar. Soson da ke ɗigar mai ya toshe tun kafin ƙura ta same shi. Idan ta takarda ce, ba a wanke ta, ba a sa mata mai; a kakkaɓe, in ta yi duhu a sauya. A duba bakin akwatin ma, domin masu cusa tsumma da takardun mashin a ƙarƙashin kujera ko cikin murfin gefe sukan toshe ƙofar iskar da hannunsu. Gwajin nan take shi ne a cire matatar na ɗan lokaci a wuri marar ƙura a murɗa totur. In tarin ya ɗauke, an samu bakin zaren. Amma kada a bar babur haka ya shiga gari: ƙurar wata guda ta isa ta cinye ringin fistin.

Na uku shi ne fulot da allurarsa, masu tsayar da mai a cikin kofin kabureta. Idan matakin man ya hau sama da ƙa'ida, duk hanyoyin kabureta suna ba da mai fiye da kima a lokaci guda, daga silo har ƙarshen totur. Alamarsa mai na ɗiga ta tiyon ƙasa idan an ajiye babur, ko injin ya shaƙe bayan an taka burki da ƙarfi. A cire kofin, a duba bakin allurar: idan robar ta yi zobe ko tsaga, ta gama aiki. Fulot na tagulla a girgiza shi kusa da kunne, in an ji motsin ruwa a ciki ya huje. Ƙwayar yashi ɗaya tak a mazaunin allurar ta isa ta hana ta rufewa, kuma man 'yan bumburutu da ake juyewa daga jarka zuwa kwalba bai cika rasa yashi ba. Don auna matakin, a saka siririn tiyo mai gani-har-hanji a bututun zubar da mai, a lanƙwasa shi sama a jikin kabureta, a sassauta sukurun zubarwa, babur na tsaye a miƙe. Man zai hau cikin tiyon daidai da na cikin kofi. A yawancin ƙananan kabureta ya kamata ya tsaya dab da layin da kofi ya haɗu da jiki, ƙasa kaɗan. In ya wuce, a lanƙwasa ɗan harshen ƙarfen da ke danna allurar, kaɗan-kaɗan. Wasu fulot ɗin roba ne zalla ba su da harshen. Waɗannan sai sauyi.

A wane totur yake yi?

Nan ne ake yawan ɓata kuɗi. Da an ce mai ya yi yawa, hannun bakanike kan tafi kai tsaye ga babban jet, ɗan ƙarfen tagulla mai huda da mai ke bi ta cikinsa, alhali kabureta hanyoyi uku gare ta, kowace da yankinta. Daga silo zuwa kusan kwatan totur, ƙaramin jet ne da sukurunsa ke ba da mai. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu, doguwar allurar da ke rataye a jikin silaid, ƙarfen da totur ke ɗagawa don buɗe hanyar iska, ce ke iko. Babban jet ba ya karɓar ragama sai daga nan zuwa ƙarshe. Ɗan kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin tasha da babbar kasuwa, yana tsayawa yana ɗaukar fasinja, da wuya ya wuce rabin totur a yini. Fulogin da ke baƙi a irin wannan aiki, ƙaramin jet da allura ne suka baƙanta shi. Rage babban jet ba zai hana ba, sai dai ya jawo wa injin yunwar mai ranar da aka hau babban titi.

Saboda haka a manna farin tef a hannun totur, a yi masa alama a kwata, rabi, uku cikin huɗu da ƙarshe. A hau babur bayan ya yi zafi, a riƙe kowace alama na ɗan lokaci, a lura da inda yake burburwa kamar mai kurkurar baki. Wannan wurin za a gyara, shi kaɗai, kuma abu ɗaya a kowane gwaji. Wanda ya sauya jet, ya ɗaga allura, ya juya sukuru a zama ɗaya, ko ya dace ba zai san abin da ya gyara ba.

Sukurun cakuɗa mai da iska iri biyu ne, kuma aikinsu kishiyar juna. Idan yana ɓangaren matatar iska, kafin silaid, na iska ne: kwance shi yana ƙara iska, ɗaure shi yana ƙara rinjayen mai. Idan yana ɓangaren injin, galibi a ƙasan kabureta, na mai ne: kwance shi yana ƙara mai. Rashin bambance su ya sa wasu ke ƙara mai suna zaton ragewa suke yi. A ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ba tare da matsawa ba don bakinsa siriri ne, sannan a kwance zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu. A ɗan ɗaga silo, a riƙa juya sukurun kwatan zagaye, ana jiran daƙiƙa goma ko sha biyar injin ya amsa, har a sami inda ya fi gudu da santsi, sannan a mayar da silo daidai. Inda sukurun ya tsaya yana ba da labarin ƙaramin jet. Na iska da sai ya wuce zagaye biyu da rabi zuwa uku kafin injin ya washe, ko na mai da injin ke ci gaba da aiki ko an ɗaure shi gaba ɗaya, duk suna cewa ƙaramin jet ya yi girma. A sauko mataki ɗaya, kamar daga jet mai lamba 40 zuwa 38, ko 38 zuwa 35. Kafin a sayi jet, a hura siraran hanyoyin iska da ke bakin kabureta. Idan ƙura ta toshe su, ƙaramin jet mai daidai ma zai riƙa ba da mai zalla.

Doguwar allura galibi tana da tsaga biyar a kanta, da ɗan kilif a ta tsakiya. Mayar da kilif zuwa tsagar sama yana saukar da allura cikin raminta, mai ya ragu. Mayar da shi ƙasa yana ɗaga ta, mai ya ƙaru. Tsaga ɗaya a lokaci guda. Akwai kuma lalacewar da ido bai cika kamawa ba: girgizar hanya da ƙura suna sa allura ta riƙa gogar bututun tagullar da take shiga, har ramin ya zama kamar ƙwai. Tsohuwar kabureta da ke shan mai a rabin totur, ko an kai kilif tsagar ƙarshe, sai an sauya allurar da bututun tare.

Batun babbar kabureta yana buƙatar a faɗi gaskiya. A ɗora babbar kabureta samfurin PZ30 a kan injin 125 da kamfani ya ba wa ƙaramar PZ26, ko a ba wa roba-roba mai 110 kabureta mai faɗin ta babban mashin, ba ya ƙara ƙarfi a inda ake amfani da shi. Iska tana tafiya a hankali a cikin faffaɗan maƙogwaro, ba ta tsotso mai da kyau, ba ta kuma farfasa shi ya zama feshi. Babur sai ya riƙa shaƙewa idan an murɗa totur da sauri. Maganin da aka saba yi shi ne a ƙara ƙaramin jet a ɗaga allura don a magance wannan shaƙewar, sakamakon kuwa fulogi baƙi ƙirin a cikin gari. A ganina, mashin ɗin neman abinci ya fi zama lafiya da kaburetarsa ta asali ko wadda ta ɗara ta da mataki ɗaya kawai. Haka shi ma borin: ana ɗauka dole sai an ƙara jet, alhali babban fistin yana tsotsar iska da ƙarfi ta cikin kabureta ɗaya, wannan tsotson kuma yana jawo ƙarin mai da kansa. Sau da yawa jet ɗin asali ya isa. Abin da ya fi neman ƙarin mai shi ne buɗaɗɗiyar matatar iska da salansar da aka huda, shi ma mataki ɗaya ko biyu.

Mafi muni shi ne faɗaɗa jet da waya ko allurar ɗinki. A jet irin na kamfanin kabureta na Keihin, lambar tana nuna faɗin ramin ne: 100 na nufin kusan milimita ɗaya. Ƙarin kashi 10 cikin ɗari a faɗi yana ƙara filin ramin da kashi 21, ido kuma ba ya ganin wannan bambanci. Jet da aka taɓa sakace shi da ƙarfe, lambar jikinsa ta daina nufin komai. Na kasuwa marasa suna ma lambobinsu ba sa daidaita da juna, don haka a sayi jeri guda daga hannu ɗaya a riƙa gwadawa a cikinsu.

Gwajin babban jet yana son sabon fulogi da miƙaƙƙen titi marar cunkoso. Bayan injin ya yi zafi a saka sabon, a buɗe totur gaba ɗaya a giya ta sama na daƙiƙa 20 zuwa 30, sannan a kama kuloci a kashe makulli a lokaci guda, a gangara a tsaya. Idan aka bari ya koma silo, ƙaramin jet zai shafe shaidar. A leƙa can gindin tangaran, ba bakinsa kawai ba. In baƙi ne a sauko kaɗan, 100 zuwa 98, zuwa 95. Da an ga ruwan ƙasa a tsaya. Injin da iska ke sanyaya shi, a zafin Kebbi, gara ya ɗan karkata wajen mai da ya karkata wajen yunwa, domin yunwar mai a cikakken totur tana iya huda kan fistin.

Yanayi ma yana taɓa lissafin. Iska mai zafin digiri 42 ta watan Afrilu ta fi ta safiyar hunturu mai digiri 20 rashin nauyi da kusan kashi 7 cikin ɗari, jet kuma bai san an sauya wata ba. Babur da aka saita a Janairu yana kan iyaka zai fara baƙanta fulogi da bazara. Yawanci kwatan zagaye na sukuru ko tsaga ɗaya ta allura ya wadatar.

Idan kabureta ba ta da laifi

Lambar fulogi tana da muhimmanci. A fulogin kamfanin NGK, lamba mafi girma ita ce mafi sanyi, wato mai saurin zubar da zafi. Ƙananan injuna da yawa na 100 zuwa 110 suna amfani da C7HSA, wanda na Sin ke rubuta wa A7TC. Injuna irin na CG 125 da 150 kuma D8EA ko D8TC. Masu son tsere kan saka mai sanyi da mataki ɗaya. A doguwar tafiya da gudu yana da hujja, amma a cikin gari ba ya kai zafin wanke kansa. A koma lambar da kamfani ya rubuta. Saka mai zafi fiye da ƙa'ida don a ɓoye baƙi kuwa dabara ce mai tsada: in bakinsa ya haura digiri 800 yana iya kunna mai kafin lokaci. Tazarar baki ta zama milimita 0.6 zuwa 0.7, da fila geji, siraran ƙarafan auna tazara, ba da farce ba. Jabun fulogi sun yi yawa a kasuwa, kuma kwalinsu bai bambanta da na gaske sosai ba.

A ɗaura fulogi injin na sanyi, da hannu tukuna har ya zauna, sannan da sifana kusan rabin zagaye idan sabo ne, ɗan matsi kaɗan idan an taɓa ɗaura shi. Kan injin alminiyom ne, ba ya jure ƙarfi.

Raunin wuta yana ba da baƙi iri ɗaya da na yawan mai. Ganin tartsatsi a fulogin da aka jingina a jikin injin bai isa hujja ba, saboda tsallake tazara a cikin matsatsiyar iskar silinda ya fi wuya. A cire hular fulogi, a riƙe wayar ta jikin robarta kusan milimita 6 daga ƙarfen injin a buga kik. Wuta mai lafiya za ta tsallake, shuɗiya, da ƙara. Hular kanta galibi tana da turjiyar kilo-om 5, in mita ta nuna ninkin haka ko ba ta nuna komai ba a sauya. Bakin wayar da ya yi kore a yanke santimita ɗaya a sake murɗa hular. CDI, wato akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, na tsere marasa suna da ake sayarwa da arha, gwajinsu shi ne a mayar da na asali a yi yini guda a gani.

Mai maiƙo da shuɗin hayaƙi aikin cikin injin ne. Hayaƙi da safe wanda ke ɗaukewa bayan 'yan mintuna, robar bawul ce. Wanda ke ƙaruwa idan an ba da totur, ringi ne ko borin da ba a yi daidai ba. Kafin a buɗe injin a duba ko baƙin mai ya wuce alamar sama. Bawul da ya matse shi ma yana rage matsi ya ɓata ƙonewa. Tazararsa a irin waɗannan injuna tana tsakanin milimita 0.05 da 0.08 a sanyi, gwargwadon samfurin. Fetur da aka gauraya da kananzir kuwa yana baƙanta fulogi ko kabureta na daidai, don haka idan matsalar ta fara ne rana ɗaya bayan shan mai a bakin hanya, a juye tankin tukuna.

Bayan an gano laifin an gyara, a zaro sandar auna baƙin mai a shinshina. Babur da ya daɗe mai na yi masa yawa, ko wanda kaburetarsa ke ambaliya ana kwana da famfo a buɗe, fetur yana gangarawa ta gefen ringi ya tsinka baƙin man. In yana warin fetur, ko ya yi ruwa-ruwa, ko matakinsa ya ƙaru ba tare da an ƙara ba, a juye shi nan take a zuba sabo, a sa sabon fulogi, sannan a sake kwance shi bayan kwana biyu na aikin yau da kullum a duba launinsa.